Ranar da Ruwa Ya Yi Magana

Na Allah ne mu duka, kuma can muka nufa. Bappa dai ya riga mu isa, ranar wata Talata da hantsi, a gidansa da ke unguwar Yelwa a Mubi. Ba ƙanen mahaifina ba ne, ba mu haɗa ko kaka ba. Shugabana ne a wurin aiki. Amma shekara shida ban kira shi da wani suna ba sai wannan, kuma haka kowa ke kiransa, tun daga mai gadi har likitocin da ke aiko mana da aiki. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da ya tsaya mini a ƙirji ya ƙi wucewa.

Na je zaman makoki da yawa a Mubi, amma ban taɓa zuwa inda ake yabon mamaci da ƙorafi ba sai nasa. A zaure na tarar da ƙanensa, na durƙusa na yi masa gaisuwa. Ya ce, "Sai haƙuri, 'yata. Mutumin nan ko ni bai taɓa yi wa alfarma ba." Ya faɗa kamar zai yi dariya, sai hawaye suka riga dariyar fitowa. Mai keken da ke ɗauko mana kaya daga hanyar garin Uba yana gefe yana ba wasu labari, wai duk zuwan da yake yi, Bappa bai taɓa amsa gaisuwarsa ba sai ya fara zura hannu a kula, akwatin sanyin da ake kawo kayan a ciki, ya ji ko ƙanƙarar na nan. Mutanen coci daga Gude da Michika sun cika benci biyu, waɗanda ya koya wa aiki tun ina firamare. Wata a cikinsu ta ce har yau in za ta manna lamba a kwalba sai ta waiwaya. Kowa ya kawo nasa, a gyaɗa kai, a ce Allah ya jiƙansa.

A cikin gida matarsa, da muke kira Goggo, tana zaune a kan tabarma mata sun kewaye ta. Ta hango ni ta yafito ni, ta kama hannuna ta jawo ni kusa.

"'Yata, sakamakon nasa ya fito?"

Na ɗauka ruɗewar rashi ce. Na ce, "Na wa, Goggo?"

"Na Bappanku mana. Ya ce ya kai muku kakinsa tun wancan watan. Kun duba sau ɗaya bai yi ba, kuna jiran kaya."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan makulli ta sa mini a tafin hannu, ta ce shi ya ce a ba ni.

Aikinmu ba shi da wuyar faɗa. Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikinta, wanda a kansa aka gina ta. Muna da ɗan inji da bai kai bulo girma ba, shi ke karanta wannan rubutun. In mai tarin fuka ya sha magani wata da watanni bai ji sauƙi ba, sai likita ya aiko mana da kakinsa, mu karanta rubutun ƙwayar, mu gaya masa wane magani ta daina ji, wane ne har yanzu yake cin ta. Mutum goma sha biyu muke haɗawa a zubi ɗaya, don faifan da injin ke karatu a kai sau ɗaya ake amfani da shi, kuma daga nesa yake zuwa, cikin sanyi, ba kullum ba.

Mu ma'aikata ba ma ganin suna, lamba muke gani. Littafin da ya haɗa suna da lamba yana cikin durowar Bappa, kuma makullinta ne Goggo ta ba ni. Daga gidan makokin ban wuce gida ba. Na je na buɗe durowar, na nemo shafin zubin ƙarshe, wanda ni da hannuna na soke shi sati huɗu kafin ranar. Sunaye goma sha biyu ne da rubutunsa mai kwanciya gefe. A layi na tara, sunansa ne.

Kafin in faɗi yadda aka yi, bari in faɗi wane ne shi, don wanda bai san shi ba zai ce hauka ne.

Dogo ne siriri, mai tafiya kamar ana jiransa a wani wuri. Ba ya ɗaga murya. Ni da na fito daga gidan 'yan kasuwa, inda in ba ka yi ihu ba ba a san kana magana ba, wannan shirun nasa shi ya fi ba ni haushi. Watana na biyu a wurin ya sa ni duba sanyin firiza kullum da safe, in rubuta a takardar da ke manne a murfin. Lamba ɗaya ce kullum, har hannuna ya haddace ta. Wata safiya na shigo a makare, na rubuta na wuce. Can ya kira ni cikin ladabi.

"Malama, nawa kika gani yau?"

Na faɗa masa, har da ƙarfin hali.

"Madalla. Idonki ya fi nawa." Sai ya zura hannu a aljihun farar rigarsa ya ciro ma'aunin sanyin. Tun da sassafe ya cire shi daga firizar.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya miƙo mini ma'aunin ya koma kan aikinsa. Kwana uku ina gaishe shi a taƙaice, shi kuwa ko a jikinsa. Daga ranar ban sake rubuta abin da idona bai gani ba, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Maganar ƙanensa kuwa gaskiya ce, a gabana aka yi. Surukar ƙanen ce ba lafiya, ya zo da kansa ya ce a sa nata a gaba. Bappa ya ce, "Akwai layi." Ƙanen ya ce, "Hamma, ni ne fa." Ya ce, "Na gane ka. Waɗanda ke gabanta ma suna da ƙanne." Damina guda suka yi ba sa ga maciji. Dalilin ɓoye mana sunaye ke nan. Yakan ce Mubi ƙaramin gari ne, duk kwalbar da ka ɗauka ta surukin wani ce, gara hannu bai san ta wa ya riƙe ba.

Amma kada a ɗauka dutse ne. Abokiyar aikina 'yar Michika ce, ta girme ni sosai, Adda nake kiranta. Tun shekarar da rikici ya sa aka gudu aka bar garin hannunta yake rawa, wani lokaci kaɗan, wani lokaci har ɗigon da take aunawa ya zube a gefe. A aikin da ake auna abin da bai kai ɗigon hawaye ba, wannan ya isa a ce mata ta huta a gida, ga 'ya'ya huɗu ba uba. Bappa bai taɓa ambaton hannun ba. Sai kawai ya kafa sabuwar doka, wai daga yau ba a taɓa kwalba sai mutum ɗaya ya karanta lambarta da ƙarfi, na biyu ya duba ya amsa. Ya ce idon Adda ya fi na kowa, ita ce mai karantawa. Mun daɗe muna gunaguni a kan wannan karatun allo kafin in gane don wa aka yi shi. Abin mamaki, dokar ta kama kuskure fiye da yadda zan iya tunawa, yawanci nawa.

Dokokinsa manya guda biyu ne. Ta farko ta ƙofa ce. Muna da ɗakin gaba, mai tsabta, inda ake buɗe kwalabe a shirya su, ana shiga da farin silifas. Muna da ɗakin baya, mai baƙin silifas, inda ake ninka rubutun ƙwayar ya yi yawa har inji ya iya gani. Ɓurɓushin ɗakin baya ba ya ganuwa, yana bin safar hannu da riga da tafin takalmi, kuma in ƙwaya ɗaya ta faɗa kwalbar wani, sai ka karanta masa cutar da ba tasa ba. Saboda haka wanda ya shiga baya ba ya komawa gaba sai gobe. Ko wayarka ka manta, ta kwana.

Ta biyu ta ruwa ce. A kowane zubi akwai kwalba ta goma sha uku, ba ta kowa ba, ruwa ne zalla a ciki. Tana bin duk hanyar da sauran suka bi. In inji ya karanta ta bai sami komai ba, aiki ya yi. In ya sami rubutu a cikin ruwa, to datti ya shiga daga wani wuri, kuma ba wanda ya san kwalbar wa da wa ya shiga. Bappa ba ya tambayar yadda sakamako ya fito. Tambayarsa ɗaya ce: "Ruwa ya yi magana?" In an ce a'a, sai ya zauna ya duba sauran, ya sa hannu. In an ce e, sai ya ce, "To kowa ya yi shiru." A soke zubin duka, a sake daga farko.

Tarin ya fara masa ne a hankali. Wanda ya yi shekaru yana buɗe kakin mutane, tun zamanin da ba a damu da takunkumi ba, ba abin mamaki ba ne. Ya fara shan magani, ya daina shiga ɗakunan aiki, sai dai ya zo da safe ya zauna a benci ƙarƙashin mangwaro da takunkuminsa, ya karɓi kaya, ya ba su lamba, mu kawo masa takardu ya duba. Wata huɗu, wuyan rigarsa sai ƙara faɗi yake. Ni da Adda muka same shi muka ce, "Bappa, kawo naka mu duba." Ya ce, "Akwai layi." Muka ɗauka ƙi ya yi. Ashe layin ya bi, har ya zo kansa.

Ranar da abin ya faru ina ɗakin baya tun safe. Adda ta fita wajen janareto. Ta gilashin ƙofa na hango Bappa ya shigo da kula a hannu, ya tsaya a bakin ɗakin gaba yana haki, kular tana rinjayar sa gefe. A gidanmu ba a tsayawa kallon babba da kaya a hannu. Tun kafin in iya magana aka koya mini wannan, kuma ƙafata ta riga kaina tunani. Na tura ƙofar na fito, na karɓi kular, na shiga da ita ɗakin gaba na ɗora a tebur, har na ɗaga murfin. Da safar hannun da nake aiki da ita. Da baƙin silifas.

Ya dubi ƙafata. Ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi, ya dafa bango. Da ya sake shi, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Silifas."

Na goge tebur da bilic, na goge kular, na goge ƙasa har sau biyu. Na fita na same shi a benci ya jingina da bishiya idonsa a rufe. Na ce, "Bappa, na goge ko'ina." Ya ce, "To." Shi ne karo na farko a shekara shida da ya karɓi maganata bai tashi ya duba ba.

Bayan kwana biyu ruwa ya yi magana. Ba da yawa ba, ɗan kaɗan ne, amma rubutun ƙwayar tarin fuka ne sarai a kwalbar da ba kowa a cikinta. Na ɗauki kwamfutar na kai masa ƙarƙashin mangwaro, Adda na biye da ni. Ya sa tabarau ya dubi layin ruwan. Sannan ya yi abin da ba ya yi, ya hau da yatsa yana bin sauran layukan. Na ga yatsan ya tsaya a wani wuri ya daɗe. A lokacin ban kawo komai ba.

Adda ta ce, "Bappa, wannan abu kaɗan ne fa. Mutane yana jira. Mu ba su rizal, mu rubuta a ƙasa akwai ɗan datti."

Na ce, "Kuma faifan nan shi ne na ƙarshe. Ba mu san ranar zuwan wani ba."

Ya ce, "Na sani." Ya cire tabaran. "A cikin sha biyun nan, wanne za ki rantse rubutunsa nasa ne, ba na maƙwabcinsa ba?"

Na bi layukan da ido daga sama har ƙasa.

"To me kike jira?"

Na soke shi a gabansa. Ya ce in ajiye ragowar kwalaben a firiza. Bai ambaci silifas ba, ranar ko bayanta, ni ma ban ambata ba.

Daga baya na je wurin likitansa. Ya ce mini maganin da ake koma wa in na farko ya gaza ba a kemis ake samun sa ba, sai da takardar sakamako mai sa hannu. Ya aika wani kakin can nesa, shi ma yana layi. Sa hannun da ake nema kuwa na Bappa ne. Ya ga abin da layi na tara ya ce, ya fi kowa iya karanta shi. Da ya ɗauki biro ya sa hannu a takarda ɗaya, da ba mahaluƙin da zai sani. Na juya wannan a raina har na gaji. Wani lokaci in ji ina girmama shi, wani lokaci in ji haushinsa ya kama ni kamar in je kabarin in yi masa faɗa.

Sati huɗun da suka biyo bayan soke zubin ba abin da muka yi sai buga waya. A ce gobe, a ce jibi. Sau ɗaya kayan suka iso, mota ta lalace da su a hanya, na zura hannu a kula na ji ruwa mai ɗumi. Lokacin Bappa ya riga ya daina fitowa, sai na kira shi. Muryarsa kamar daga ƙasan rijiya.

"Kin taɓa ƙanƙarar?"

"Ta narke, Bappa."

"To kin san amsa."

Na mayar da su. Har ina jin daɗin na yi abin da zai yaba.

Kayan kirki sun iso kwana biyu bayan sadakar bakwai, da ƙanƙararsu tsaf. Muka ciro kwalaben daga firiza. Adda na karantawa ina amsawa, ɗaya, biyu, uku. Na riga na gaya mata ta tara tasa ce. Da ta zo tara sai ta tsaya, sannan ta karanta ta kamar sauran, ni ma na amsa kamar sauran.

Ruwa ya yi shiru. Na ɗauko wanda muka soke na jera su gefe da gefe. Goma sha ɗaya ba su canza ba ko kaɗan, har da tara: ƙwayarsa ta daina jin biyu daga cikin magungunan da yake sha, kuma akwai wanda zai ci ta. Abin da yatsansa ya tsaya a kai ke nan, kuma daidai ne tun farko. Ɗaya ce ta canza, lamba huɗu. Na farko ya ɗora mata taurin rashin jin magani da ba nata ba, da an cire ta daga maganin da ke yi mata aiki an sa ta a wani mai wahala na wata da watanni. Makullin yana jakata, amma ban sake buɗe littafin na ga ko wace ce ba, wancan karon kuwa layi na tara kawai idona ya riƙe, ban ma san ko mace ce ko namiji ba. Akwai wani a garin nan, ko a Uba, ko a wani ƙauye a hayin mayo, wato kogi, da ke shan maganin da ya dace da shi, bai san da me aka saya masa ba.

Takardar sakamako tana da layi biyu a ƙasa, na wanda ya yi aiki da na wanda ya duba. Adda ta sa hannu a layina, ni na sa a na Bappa. Sha ɗaya muka aika wa likitoci. Ta tara na ninke na sa a jaka, na tari keke zuwa Yelwa.

Goggo tana takaba, gidan ya yi tsit, an kwashe rumfa da bencuna. Na zauna a bakin tabarma. Tun a hanya na shirya maganata, amma da na fara sai ta fito a hargitse. Na ce, "Goggo, ni ce. Ni na ɓata na farkon. Na fito daga inda bai kamata ba na..."

Ta ɗaga mini hannu. "Ya gaya mini tun ranar. Ya ce kin karɓar masa kaya. Ya ce shekara shida yana hana ki, amma ran nan, da ba ki karɓa ba, da ya faɗi a ƙofar."

Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ta bar ni har na gama, sannan ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ba ta karatun boko. Ta riƙe ta da hannu biyu tana kallo.

"Me ya ce?"

"Ya ce akwai maganin da zai yi masa."

"Ashe akwai," ta ce.

Allah ya yalwata masa makwanci, ya karɓe shi da sauƙin da shi bai yi wa kansa ba, mu kuma ya ba mu haƙurin abin da ba mu da yadda za mu yi da shi. Na yi wannan addu'ar a fili, ta amsa da amin. Na tashi zan tafi, ina neman takalmina a bakin ƙofa, sai ta kira ni.

"'Yata, ruwan fa? Ya yi magana?"

Ban san har gida yake kai maganar ba. Na ce, "A'a, Goggo. Ya yi shiru."

Ta gyaɗa kai. Ta shafa takardar a kan cinyarta ta miƙar da inda ta lanƙwashe.

"To," ta ce. "Wannan kam, da yana nan, da ya sa hannu."